Hawa da gangara: Abin da keke mai inji ya koya mini a tudun Jos

Waɗanda suka saba bibiyar shafin nan sun san ba kasafai nake barin batun ilimi da na muhalli in koma ga labarin kaina ba. Yau zan yi haka, domin tun ranar da wani ɗalibi ya ɗauki hotona a bakin ƙofar makaranta bisa keke mai inji, hular kwano a kai, jakar takardun jarrabawa a baya, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wasu dariya suke yi, wannan kuwa ba ta dame ni ba. Masu damuna su ne samarin da ke tsayar da ni a hanya da tambaya iri ɗaya: "Malam, gudu nawa yake yi?" Har yau ban gamu da wanda ya fara tambayata yadda yake tsayawa ba. Ga mazaunin gari mai hawa da gangara irin Jos, amsar wannan tambaya ta biyu ce ke raba mutum da gadon asibiti, kuma saboda waɗannan samari nake wannan rubutu.

Dalilin da ya kai ni ga aikin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Albashin malamin jami'a bai iya bin ta ba ko da gudu. Tsohuwar motata ta koma ta zuwa ɗaurin aure da kai mara lafiya asibiti. Sabon babur ya fi ƙarfin aljihuna, keke zalla kuma ya fi ƙarfin gwiwata, don tsakanin gidana da aji akwai kilomita 7, ciki har da wani hawa mai tsawon mita 400. Sau biyu na gwada shi da feda, sau biyun kuma na shiga aji sharkaf da gumi ina haki, ɗalibai suna sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido.

Ni malamin labarin ƙasa ne. Na shafe shekara 15 ina koya wa ɗalibai yadda ake karanta tudu da kwari a taswira, da yadda layuka ke matsewa a inda hawa ya tsananta. Ashe ban san tudu ba sai da na ɗora masa nauyina.

Uwargida ce ta fara nuna rashin amincewa. "Haba Malam," in ji ta, "da digirinka na uku, da furfura a gemu, ka hau abin da yara za su riƙa bi suna ihu?" Sai na kare kaina da tarihi, tun da shi ne makamin da ke hannuna. A 1946, shekara guda bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Soichiro Honda ya sayi ragowar ƙananan injinan da sojojin Japan ke ba rediyonsu wuta da su, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna a garin Hamamatsu, kuma daga nan kamfanin Honda da aka kafa a 1948 ya taso. A shekarar 1946 ɗin dai kamfanin Ducati na Italiya ya fara ƙera Cucciolo, ƙaramin injin da ake maƙala wa keke, Faransa kuma ta fitar da VéloSoleX, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Dukkansu ƙarancin mai da ƙarancin kuɗi ne suka haife su. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "To, Allah Ya tsare. Amma dai waɗannan da ka lissafa ba su ne masu 'ya'ya huɗu a gidan nan ba."

A farkon 2025 kwalin injin ya iso. Irin ƙaramin injin nan ne ƙirar Sin, wanda asalin zanensa na Tarayyar Sobiyet ne tun shekarun 1950, kuma yana aiki kamar ƙaramin janareton gida da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. A cikin kwalin akwai tanki mai cin lita 2, da kafireto, da salansa, da sarƙa, da hannun kuloci, da totur, da faranti mai haƙora 44 da ake ɗaurawa a ƙafar baya. An rubuta 80cc a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. Da na auna, faɗin ramin fistin milimita 47 ne, tafiyarsa sama da ƙasa kuma 38, lissafin ya ba ni 66. Duk mai niyyar saye ya riƙe wannan: lambar da ke jikin kwali ta mai talla ce.

Ban yi aikin ni kaɗai ba. Akwai wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda ya haura shekara 40 a sana'ar, kuma tun yana saurayi yake taɓa babura. Na je masa da tsohon baƙin keken mahaifina, irin mai birkin sanda, ina ganin babu wanda ya fi shi ƙarfe. Ya zagaya shi sau ɗaya ya girgiza kai.

"Dakta, mayar da wannan ɗaki, na tarihi ne. Birkin sanda in ruwa ya taɓa shi sai dai addu'a. Ga ƙafarsa inci 28 ce, babbar ƙafa kuwa ba ta son hawa."

Muka shiga kasuwar gwanjo muka zaɓo keken hawan dutse mai ƙafa inci 26, firam ɗinsa na ƙarfe zalla, mai faɗin ciki yadda injin zai zauna ba tare da an huda ko'ina ba. Baba ya ƙi na alminiyam, ya ce girgizar inji tana tsaga shi a hankali, kuma in ya tsage ba kowane mai walda ke iya masa ba. Kwana uku muka yi muna haɗawa. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne ɗaura farantin baya. Da roba biyu da notuna 9 ake matse shi a jikin wayoyin ƙafa, kuma in bai zauna daidai tsakiya ba sarƙa za ta riƙa saki tana ɗamewa a kowane juyi, har ta tsalle ko ta tsinke waya. Baba yakan ɗaure noti kaɗan, ya juya ƙafar, ya sa alli ya ga inda ta karkace, ya sake. Ni da gaggawa ta cika, shi kuwa ko a jikinsa.

Sabon inji yana bukatar lallashi. Tankuna huɗu na farko mun zuba baƙin mai da yawa, kashi 1 cikin 20 na fetur, ban kuma buɗe totur duka ba, domin ringin fistin ya samu ya zauna. Daga baya na koma kashi 1 cikin 25, wato mililita 40 na man inji mai bugu biyu a kowace litar fetur. A shimfiɗaɗɗiyar hanya abin ya yi daɗi ƙwarai, keken yana kai kilomita 40 a sa'a. Ranar da na fuskanci hawan gidana kuwa, ban kai rabi ba muryar injin ta dusashe, ya yi ta tari, na taimaka masa da feda, daga ƙarshe ya mutu. Na sauka na tura, ga nauyin keke ga na inji, 'yan unguwa na yi mini sannu.

Hukuncin da na yanke a daren nan shi ne injin ya yi ƙanƙanta. Washegari na je wa Baba da maganar neman babba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Dakta, in ka zo wannan hawan da motarka, a giya ta nawa kake hawa?"

"Ta biyu, Baba."

"To shi wannan giyarsa ɗaya ce tak, kuma ta gudu aka sa masa. Ka ɗora wa jaki kaya ka ce ya yi sukuwar doki, laifin wa?"

Na koma gida na ɗauki alƙalami, kunya na cina, don lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. Ni da keke da inji da jaka mun kai kilo 110. Hawan gidana yana tashi mita 1 a kowane mita 10. Ɗaga wannan nauyi a irin wannan hawa da gudun kilomita 20 a sa'a yana bukatar wat 600, in an haɗa da turjiyar iska da ta taya a ce 750, wato ƙarfin doki ɗaya. Injin yana iya ba da wajen ninki biyu na haka, sai dai ba ya fitar da ƙarfinsa sai yana juyawa da sauri, kusan sau 5,000 a minti ko fiye. A cikinsa akwai haƙora 20 masu juya 82, a waje kuma haƙora 10 masu jan farantin baya mai 44. In an haɗa, injin yana juyawa sau 18 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Da gudun kilomita 20, juyinsa bai wuce 2,900 ba. Da zarar hawa ya rage gudun, juyin ya ragu, ƙarfi ya ragu, gudun ya ƙara raguwa, har ya mutu. Ƙarfin yana nan, hanyar isar da shi ƙasa ce ba ta dace da tudu ba.

Muka cire mai 44 muka sa mai haƙora 56, muka ƙara tsawon sarƙa. Yanzu injin yana juyawa kusan sau 23 a kowane juyin ƙafa, ƙarfin turawa ya ƙaru da kashi 27 cikin 100, kuma da gudun kilomita 20 yana juyi 3,700. Abin da na biya shi ne gudu: iyakarsa ta sauko daga 41 zuwa 32. Keken ya hau tudun gidana har ƙofa, da 'yar taimakon feda a inda ya fi tsanani. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa. Ga wanda ya fi ni nauyi ko hawansa ya fi nawa, akwai mai haƙora 60. Mai 36 da samari ke nema saboda gudu, na mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne.

Saura matsala ta biyu, wadda ta faɗo cikin fagena amma Baba ya riga ni ganinta. Ko bayan sauya faranti, in na buɗe totur duka sai injin ya riƙa gurnani yana kakkatsewa, hayaƙi na tashi. Baba ya kwance fulogi ya nuna mini bakinsa, baƙi ƙirin da kunkunniya. "Mai ya yi masa yawa," in ji shi. "Duk babur ɗin da aka kawo daga Ikko haka yake yi in ya hau Jos." Shi ya san haka da ido da kunne, ni kuma na san dalilin daga littafi. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, Kano ba ta kai 500 ba, Ikko kuwa a bakin teku take. Iskar Jos ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 11 cikin 100. Kafireton da aka saita a masana'anta yana zuba fetur daidai da iskar bakin teku, don haka a nan fetur yana rinjayar iska, ba ya ƙonewa duka. Wannan ƙarancin iska kuma yana rage wa kowane inji ƙarfi da kusan kashi 3 cikin 100 a duk mita 300 da aka hau, babu gyaran da zai dawo da shi.

Maganin rinjayen fetur wuri biyu yake. A cikin kafireto akwai allura mai tsaga-tsaga a samanta, da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta. In aka matsar da ƙarfen zuwa tsagar sama, allurar tana sauka, fetur ya ragu a tsaka-tsakin totur. Can ƙasa kuma akwai ɗan noti mai huda da makanikai ke kira jet, shi ke iko da fetur in an buɗe totur duka. Namu mai lamba 70 ne, muka sauko zuwa 68, muka gwada a hawan, muka duba fulogi, sannan muka sauko 66. A nan bakin fulogin ya koma kalar soyayyar gyaɗa, muryar injin ta washe. Baba ya ce a tsaya nan. Ya gargaɗe ni cewa baƙin fulogi asarar mai ce kawai, amma in ya yi fari fat to inji yana ƙuna, kuma fistin na iya kamewa a tsakiyar hawa, tun da baƙin man da ke sanyaya shi a cikin fetur ɗin yake tafiya. Dokarsa ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Wannan ita ce ƙa'idar da nake koya wa ɗaliban bincike, ga ta a bakin mutumin da bai taɓa shiga aji ba.

Da hawa ya samu, sai na ɗauka na gama. Kuskurena mafi girma ke nan, domin duk tunanina ya tafi ga hawa, na manta kowane hawa gangara ne ga mai dawowa. Wata safiya a farkon damina, an kwana ana ruwa, na fito ina sauri don ina da aji ƙarfe 8. Na saki totur na bar kuloci a haɗe, ina nufin injin ya riƙe ni kamar yadda nake yi da mota. Bai riƙe ba, don irin wannan inji ba shi da wannan riƙo sosai. Na matsa birki, robar ta jiƙe, tana ta santsi a jikin ƙafa. Hannuna na hagu ya rasa wanda zai kama tsakanin birki da kuloci, tun da duka biyun a gefe guda suke. Ana cikin haka ɗan ƙarfen da ke ɗame sarƙa, wanda matse shi kawai aka yi a jikin firam, ya juya ya faɗa cikin wayoyin ƙafar baya. Ƙafar ta kafe nan take. Na ji ni a ƙasa ina jan kwalta da gwiwa da hannu, kaina ya bugi dutsen bakin hanya. Hular kwanon ta tsage. Inda na tsaya bai fi taku goma ba da mahaɗar da motocin yashi ke wucewa.

Waya biyar suka tsinke, na yi mako biyu ina rubutu a allo da bandeji. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai ɗauki tsagaggiyar hular ta ajiye a kan teburin karatuna, kuma har yau tana nan.

Da na warke na sake ɗaukar alƙalami. Kilo 110 da ke saukowa daga tsayin mita 40 yana ɗauke da ƙarfin da ya isa ya tafasa ruwan ƙaramin kofin shayi, kuma 'yan robobin birki ne za su shanye wannan zafi. In gudu ya ninka biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya yana ninka huɗu. Birkin da aka yi don mai feda ba a yi shi don gudun kilomita 40 a gangara ba. Akwai kuma haɗarin da ba a gani: in totur yana rufe, ƙafa kuma tana juya injin da sauri, fetur kaɗan ke shiga, baƙin mai ma kaɗan, fistin yana gudu a bushe. Gangara mai tsawo a haka tana iya kashe inji.

Gyaran da muka yi bayan faɗuwar ya ci kuɗi kusan rabin na injin, kuma shi ya kamata in fara yi. Mun sauya ƙafar gaba da mai birkin faifai, wanda ruwa ba ya hana shi kamawa. Mun sa hannun birki guda a dama mai jan gaba da baya tare, hagu ya zama na kuloci kaɗai. Mun sake saƙa ƙafar baya da wayoyi masu kauri. Mai walda ya yi mana sandar ƙarfe da aka ɗaure a wuri biyu a jikin firam, ta riƙe abin ɗame sarƙa yadda ba shi da damar juyawa. Na kuma sa wa kaina dokoki: a gangara ina kama kuloci, injin yana numfashi a hankali, ba na wuce kilomita 20. Kowace Asabar ina bin notuna da sifana ɗaya bayan ɗaya, don girgiza tana kwance su, in wanke soson iska, musamman lokacin hunturu da ƙura. Ba na ɗaukar kowa a baya, ko ɗana. An daɗe da hana acaba a cikin Jos da Bukuru, amma ko babu wannan doka, firam ɗin keke da birkinsa ba na mutum biyu da inji ba ne.

Ba zan ɓoye aibin abin ba. Yana hayaƙi, yana ƙara, kuma malamin da ke koyar da gurɓatar iska ba shi da bakin yabon inji mai ƙona baƙin mai. Keke mai batir, musamman wanda motarsa ke tsakiya tana amfani da giyoyin keken, ya fi shi iya hawa, ya fi shi tsabta. Tsadar batir da halin wutar lantarkinmu ne suka hana ni, kuma ranar da suka daidaita zan sauya. A yanzu dai tanki guda yana kai ni aji ya dawo da ni har mako, abin da motata ke shanyewa a zuwa ɗaya da dawowa.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai fiye da ciwon gwiwa. Duk abin da ya sa keken nan ya dace da Jos, babu ko ɗaya a cikin takardar da ta zo da kwalin. Rabinsa yana kan Baba, rabinsa yana cikin littattafan da ke ɗakunan karatunmu, kuma sai da na faɗi kafin biyun suka haɗu. Muna da sassan koyar da aikin injiniya a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Me zai hana wani ya zauna da makanikai ya auna, ya fitar da jadawali a shafi guda, da Hausa, mai nuna lambar jet da yawan haƙoran da suka dace da Jos, da tudun Biu, da tsaunin Mambila wanda ya fi Jos tsayi, gwargwadon nauyin mahayi da tsananin hawa? Irin su Baba suna tsufa, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Na fara nawa ɓangaren: ɗalibaina na aji uku suna auna tsananin hawan manyan titunan unguwanninmu, kuma sakamakon zai fara isa rumfar Baba kafin ya isa kowace mujalla.

Ga saurayin da ya yi niyyar haɗa nasa, tsarin kashe kuɗin shi ne: hular kwano da birki tukuna, sannan farantin da ya dace da tudun unguwarku, sannan saitin kafireto, gudu kuwa a bar shi a ƙarshe in ma an zo kansa. Kada kuma ka raina dattijon da ke zaune a gindin bishiya da famfo da faci. Makon jiya wani yaro ya tsayar da ni a Farin Gada da tambayar da aka saba. Na ce masa 32. Ya taɓe baki ya ce na abokinsa yana yin 50. Na tambaye shi wane irin birki ne da shi, ya ce bai duba ba. Na ba shi kwatancen rumfar Baba, na ce su je tare da abokin kafin damina ta dawo.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.